Eriyar da Muka Ɗaura Tsakanin Tsamiya da Mangwaro

Cikin duk ranakun aikina, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da Darakta ya aike ni Mbamba in ɗauko Injiniya Sa'adu daga gonarsa. Ku da kuka zo bayanmu ba ku tarar da shi a ofis ba, don haka bari in fara gaya muku ko shi wane ne.

Injiniya yana cikin mutanen farko na wannan yanki da suka karanci aikin sadarwa ta iska. Tun jihar tana Gongola ya kafa sashen rediyon oba-oba na ma'aikatarmu, ya haɗa asibitocin karkara da Yola, a zamanin da saƙo sai dai a ba direban motar kasuwa ya kai. Mutanen Jimeta Bappa Oba suke ce masa, kuma yana amsawa. Duk wanda ya iya riƙe na'ura a sashenmu, in ba shi ya koya masa ba, to ɗalibinsa ne ya koya masa. Da wayar salula ta shigo aka kwashe na'urorin aka zuba a sito, shi kuma ya yi ritaya ya koma noman masara da kiwon 'yan shanunsa.

Sai rikici ya zo. Mahara suka ƙona turakun waya a arewacin jihar, layi ya ɗauke, Yola da Jimeta suka cika da 'yan gudun hijira. Akwai wani ƙaramin asibiti a bayan duwatsu da bai rufe ba. Jama'ar ƙauyukan da aka tasa sun taru a kewayensa, ba likita, sai ungozoma ɗaya, Sista Rahila. Ni a lokacin babban mataimakin injiniya ne, wato mai hawa da sauka da gyara, ba mai tsara aiki ba. Mun gwada ƙananan oba-oba na hannu, amma su ba sa aiki in wani abu ya tare tsakani, ga shi duwatsu sun tare. Da a ce lokacin zaman lafiya ne, sai a kafa na'urar da ke karɓar magana ta miƙa gaba a kan dutse. To wa zai tsare ta?

Na same shi yana ba shanu dusa. Na durƙusa muka gaisa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Abu ɗaya ya tambaya: manyan na'urorin nan na sito, ruwa ya taɓa su? Na ce a'a. Ya wanke hannu, ya shiga ya sa riga, muka taho.

Kafin a kunna kowace rediyo a wancan lokaci sai da izinin jami'an tsaro. Muka je wajen wani hafsan soja mu uku, da Darakta. Hafsan ya saurare mu, sannan ya tambaya ko maharan za su iya jin abin da ake faɗa.

Injiniya ya ce, "Za su iya, ranka ya daɗe. Duk mai irin wannan na'ura zai ji. Ba zan ɓoye maka ba."

Na ce a raina shi ke nan, an gama. Amma sai hafsan ya ce tunda an gaya masa gaskiya, ya san inda zai tsaya. Ya yarda, bisa sharaɗin ba ambaton sunan gari, ba hanya, ba motsin soja. Maganar marar lafiya da magani kawai.

Muka gyara na'urori biyu. Ɗaya za ta zauna a Yola, ɗaya ni zan kai ta asibitin. Da ya zo kan eriya sai ya miƙo mini doguwar wayar tagulla, ya ce in ɗaura ta tsakanin bishiyu biyu, ƙasa-ƙasa, ta ɗan ɗara tsayin mutum in ya ɗaga hannu. Na ce, "Bappa, ai mu abin da muka sani eriya sama take so." Ya yi dariya, ya ce shi ma haka ya sani, har wata damina iska ta kwantar masa da turken eriya a cikin tsaunuka, sai ya ji magana ta ƙara fitowa. Daga nan ya yi ta gwaji. In wayar tana ƙasa, maganar sama take miƙewa, ta bugi sararin samaniya ta faɗo bayan dutse kamar ruwan sama. Ya kuma ba ni tasha biyu, ya ce in ta farko ta ƙi, in koma ta biyu idan rana ta ɗaga, kada in taɓa wayar.

Na bi motar da ke kai magani, da rakiyar soja. Da safe na ɗaura wayar tsakanin wata tsamiya da mangwaro, na jona na'urar da batirin mota, na fara kira. Ba abin da ke fitowa sai shuuu. Ana cikin haka Sista Rahila ta fito hannunta duk jini. Wata mata ce ta haihu da sassafe, jinin ya ƙi tsayawa, kuma ta yi duk abin da ta sani. Ta ce mini, "Hamma, in wannan abu naka zai yi magana, yanzu ne."

Wallahi sai da na kama tsamiyar nan zan hau in ɗaga wayar, don duk abin da na koya haka yake gaya mini. Sai na dubi rana, na ga ta ɗaga. Na sauko na murɗa zuwa tasha ta biyu, na sake kira. Muryar Injiniya ta fito tar, kamar yana bayan bishiyar.

"Ina jin ka, Hammadu. Jam na, kana lafiya? Oba."

Ashe tun safe ya sa an zaunar masa da likitar mata kusa da shi, wai ba a buɗe layin asibiti ba likita a kai. Na ja na'urar har bakin taga. Likita tana faɗa, Sista tana yi, ni ina danna maɓalli ina saki. Allurar da ake bukata tana cikin kwalayen da muka zo da su, ba a ma buɗe su ba tukuna. Kafin la'asar jinin ya tsaya. Uwar matar ta zo ta ajiye ƙwaryar kindirmo a gaban na'urar, ta ce a ba mutanen da ke ciki. Mu muka sha a madadinsu.

Layin nan ya yi ta aiki har aka gyara turakun waya. Wasu asibitocin ma an kai musu irinsa, kuma kowanne Injiniya ne ya tsara, kafin ya koma Mbamba abinsa. Har yanzu yana nan, kunne ya ɗan yi nauyi, amma in na je gaishe shi sai ya tambaye ni me kuke koya yanzu, yana jin daɗin labarin sababbin na'urori.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, mu ba ma warkar da kowa. Namu shi ne mai sani da mai bukata su ji juna, kuma in mun yi daidai ba wanda zai tuna da mu a tsakani. Matar nan ba ta san sunan Injiniya ba, shi ma bai taɓa ganin fuskarta ba. Ranar da na dawo Yola ina ɗokin ba shi labarin yadda eriya ta yi, bai bar ni na fara ba. Ya ce, "Maijegon fa, ta tashi?" Na ce ta tashi, har ta ci tuwo. Ya ce to madalla, yanzu ba ni labarin wayar.