Rigar Gwaji daga Daurawa

Shagon ɗinkina yana Gyaɗi-Gyaɗi. Da zarar bazara ta kama, zafi ya fara gasa mutane, sai 'yan mata su cika shi da neman yadi mara nauyi mai shan iska. Da yawansu ba sa tsayawa awo, tsohuwar riga suke aikowa in auna a kanta.

Haka wata Hajiya daga Daurawa take yi. Duk shekara sai ta zo da rigar 'yarta, ita ɗin dai, a ninke cikin leda tana ƙamshin kafur. Ta ce, "Ta ƙara tsawo, ki ɗan ƙara mata." Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Hajiya, wace irin gimbiya ce da ba za ta tako da ƙafarta ba?" Murmushi kawai ta yi. Daga baya maƙwabciyarta ta tsegunta min cewa yarinyar ta rasu tun tana firamare.

A wannan bazarar ce mu masu ɗinki na Tarauni muka shirya bikin nuna sababbin kaya a wani ɗakin taro, inda 'yan mata za su sa ɗinkinmu su yi tafiya a gaban jama'a. Ƙanwata na cikinsu, yarinya mai rawar kai da tsiwa. Na gama wa Hajiya doguwar riga ruwan ƙwai mai faɗin hannu, irin wadda ake yayi a titi. Da ta zo karɓa ta tarar da ƙanwata tana gwajin taku, sai ta tsaya ta zuba mata ido.

Ta ce min, "'Yar nan, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin rigunan nan tana tafiya a jikin mutum ba. Ki bari ta sa mini wannan."

Rigar mamaciya a jikin ƙanwata? Na fara kame-kame, wai sai an rage, wai sai an ƙara. Ja'irar ta fizge ta shige bayan labule. Rigar ta zauna mata cif, ko zare ba a taɓa ba.

Ranar bikin da la'asar, fanka na ta kaɗa iska mai zafi, Hajiya na zaune a layin gaba. Ƙanwata ta fito. Wannan mai yauƙi da karairaya, sai ga ta tana tafiya a hankali, kai a sunkuye, tana riƙe gefen rigar kamar ƙaramar yarinya ranar Sallah. Mutane na ta tafi. Ni kuwa tsoro nake ji ƙwarai.

Da aka tashi, Hajiya ta same mu a baya. Ta kama kafaɗun ƙanwata, ta shafa kumatunta, ta ce, "Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

Ƙanwata ta ce, "Zan ci, Umma."

Mu Inna muke kiran mahaifiyarmu.

A adaidaita sahu kan hanyar gida na kasa haƙuri, na ce, "Ke, tausayinta kika ji, ko me? Me ya sa kika ce mata haka?"

Ta juyo ta dube ni, gumi na bin goshinta. Ta ce, "Yaya, me na ce?"