Fankar da Ta Tsaya Mana a Tsakiyar Gonakin Rake

Mun tashi daga Ikara da asuba, ana idar da salla, ni da mahaifiyarmu da ƙanena mai motar. An bugo waya daga Kudan cewa jikin Kawu, ƙanin Inna, ya yi tsanani, kuma sunanta yake ta kira. Inna na fama da ciwon gwiwa, shigarta mota ma sai mun kama ta mu biyu. Muka zaunar da ita a baya, ta ɗora kwanon furar da ta dama wa Kawu a cinya, muka kama hanya.

Hanyar Makarfi ba laifi, sai dai ramukan da damina ta bari. Lokacin yankan rake ne, ko'ina ka duba kaya ne a jibge a bakin titi. Mun shiga garin hantsi bai gama dubawa ba, ashe ranar kasuwa ce. Rake da tumatir kamar a ba ka kyauta, man fetur kuwa da ƙanena ya ji kuɗinsa sai da ya sake tambaya, ko kunnensa ne, kafin ya daure ya zuba. Muka sayi ƙosai mai zafi da mazarƙwaila, Inna ta ce ita ba za ta iya cin komai ba.

A cikin cunkoson fita kasuwar ne wata akori-kura shaƙe da rake ta yo baya ta daki gaban motarmu. Ba wani bugu ba ne. Bamba ta ɗan lotsa, fitilu lafiya, ba ruwan da ke zuba. Direban ya sauko yana ta ba da haƙuri, Inna ta leƙo ta ce a yafe masa mu tafi. Ba wanda ya yi tunanin buɗe bonet.

Mun tsallake babban titi, mun yi nisa a hanyar Kudan, sai na ga ƙanena yana yawan kallon gaban sitiyari. Allurar zafi ta haura, tana neman jan layi. Ya gangara gefe ya kashe mota. Wurin ba gida ba rumfa, rake ne hagu da dama, ya fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke cikinsa. Na duba waya, babu sabis. Duk labaran tare hanya da muke ji a majalisa suka dawo mini a lokaci guda.

Da muka buɗe bonet, injin na huci, fankar lagireto kuwa shiru. Na juya ta da hannu, tana juyawa sumul, ke nan ba maƙalewa ta yi ba, wuta ce ba ta zuwa. Ƙanena ya buɗe akwatin fiyus ya zaro na fanka, ya ƙone. Akwai guda na ajiya a murfin akwatin, ya sa, ya murɗa makulli. Fanka ta motsa sau ɗaya, muka ji ɗan tas, shi ma ya tafi.

A nan ya kamata mu gane cewa wani wuri waya na taɓa ƙarfe. Amma tsoro da sauri sun rufe mana ido. Ƙanena ya ce ya taɓa ganin ana haɗawa da guntun waya a madadin fiyus, ni kuma na ce ya gwada. Ya cusa wayar, ya tayar da mota. Fanka ta tashi, har mun fara murna, sai wani wari na ƙonanniyar roba ya bugi hancina. Hayaƙi ya fara fitowa daga ƙasan lagireto, fari da farko, sannan ya yi baƙi, na ga wuta ƙarama tana bin waya.

Inna tana ciki, ga tanki yanzu muka zuba masa mai. Ban san lokacin da na isa ƙofar baya ba. Na ce, "Inna, riƙe wuyana." Ta ce kwanon fura. Na ciccibe ta har da kwanon, ƙafarta ta maƙale a kujera, na ji ta yi ƙara don zafi, amma ban tsaya ba sai da na dire ta a kan kunyar gona. Ƙanena ya kashe mota, hayaƙi bai daina ba. Sai da ya fizge kan batir da filaya, muka watsa ƙasa da hannuwanmu, sannan wutar ta mutu.

Muna tsaye muna haki, sai raken da ke bayan Inna ya fara motsi. Mutane suka fito, kowa da adda, wasu sun rufe fuska da ƙyalle. Na matsa na tsaya gaban Inna, ina jin ta tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Ƙanena ya ɗaga hannu sama, filayar na hannunsa.

Wani dattijo a cikinsu ya yi sallama, ya sauke ƙyallen fuskarsa, ya durƙusa ya gaida Inna. Masu yankan rake ne, ƙaiƙayin ganye suke karewa da ƙyallen. Hayaƙi suka hango, suka ɗauka gobara ce za ta shiga gona. Ya dubi ƙanena ya ce, "Samari, sauke hannunka, ka gaji haka nan."

Da injin ya huce, muka bi wayar fanka da yatsa tun daga akwatin fiyus. A bayan bamba muka ga ɓarnar. Ƙarfen da akori-kura ta lotsa ya danne wayar, ya yanke robarta, duk motsin mota sai ta taɓa jiki. Mutanen suka sa ƙotar gatari suka banƙare ƙarfen. Muka yanke inda ya narke, muka murɗe bakin wayoyin, muka naɗe da robar da ɗayansu ya kwance daga babur ɗinsa. Ƙanena ya cire guntun wayar nan ya jefar, ya ari fiyus ɗin gilasan ƙofa, tunda lambarsu ɗaya. Muka mayar da batir, ya tayar, muka tsaya muna jira. Da injin ya ɗumama, fanka ta tashi da kanta, ba hayaƙi ba wari.

Haka muka ƙarasa Kudan a hankali, gilasai a sauke ba sa ɗaguwa, idona a kan allura, hancina yana neman wari. Mun tarar da Kawu da ransa. Ya gane Inna, ya riƙe hannunta, suka daɗe suna magana ta can ƙasan murya. A garin muka kwana. Washegari wani rewaya, mai gyaran wutar mota, ya sauya wayar gaba ɗaya, ya ce da mun ƙara ɗan jim da sai dai a kwashi ƙarfe.

Mun dawo Ikara kafin la'asar. Abin da na koya shi ne, duk ƙanƙantar bugu a tsaya a buɗe bonet, kuma fiyus in ya ƙone sau biyu gargaɗi yake yi, ba a toshe masa baki da waya. Da muka sauke Inna a ƙofar gida, na fara ba ta haƙuri kan ƙafar da na fama mata. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Rabonka da jikina tun ina goya ka. Allah Ya yi maka albarka." Sai a lokacin na zauna a dakali.