Ƙaramin Yatsan Kanar Brandvold

Verlene Tuttle ta shekara ashirin da shida tana ɗinka wa 'yan sama jannati safar hannu, amma ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗayansu ba. Hannunsu kawai ta sani. A masana'antar, ana zuba kwafin hannun kowane mutum da farar ƙasa a ajiye mata kan tebur, sai takardar da ta faɗi inda kowace allura za ta shiga. Dokar wurin ɗaya ce: abin da babu a takarda, ba ya shiga ɗinki.

Sau ɗaya tak ta karya dokar. Hannun hagu na wani Kanar Hollis Brandvold yana da ƙaramin yatsa a karkace, takardar kuwa ta auna shi kamar miƙaƙƙe. Verlene ta yi magana, aka ce ta bi takarda. To, ita in ta kafe ta kafe. Ta saki ɗinkin wurin da kaurin zare biyu, ta yi gum da bakinta. Bayan wata takwas Kanar ya fita aiki a wajen kumbo, aka mai da shi ciki tun lokaci bai cika ba. Masu labarai suka ce matsalar safar hannu ce. Tun ranar abin yake cinta, shekara talatin da ɗaya ke nan.

Yanzu tana da shekara saba'in da tara, idonta yana dushewa. Da ta ji Kanar ya yi ritaya yana zagayawa da baƙi a cibiyar harba kumbo ta Florida, sai ta sa 'yarta Marcella gaba har ta tuƙo ta zuwa can, tafiyar kwana biyu a mota.

"Mama, ki hau keken guragun nan mana. Zagayen awa uku ne, ga rana," in ji Marcella a bakin ƙofa.

"Ke ki hau. Da ƙafata na yi laifin, da ƙafata zan je."

Su ashirin ne a ayarin baƙin. Kanar, dogon tsoho mai barkwanci, ya nuna musu roka kwance, tsawonta ya fi layin gidaje, kowa yana ɗaukar hoto. Verlene ko ɗaga kai ba ta yi ba. Fuskarsa ma hazo-hazo take gani. Ta dinga kutsawa gaba da sandarta, gwiwa na yi mata zogi, har suka isa akwatin gilashin da aka ajiye tsohuwar rigar sama jannati. Kanar ya tambaya ko akwai mai tambaya. Wani mutum mai hular kwano ya soma zancen yadda ake fitsari a sama, Verlene ta katse shi.

"Kanar, ba ni hannunka na hagu."

Aka yi dariya. Marcella ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa ya miƙa, yana cewa, "Madam, ki yi a hankali, matata tana da kishi."

Ta bi hannun da yatsunta. Ga faɗin tafin, ga ƙaramin yatsan nan a karkace, daidai yadda ta bar shi kan tebur. Tsoro ya kama ta sosai, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta faɗi sunanta da aikinta, ta faɗi zancen zare biyun, ba ta rage komai ba.

"Ni na sa aka katse maka aiki. Na zo ne ka ji daga bakina kafin idona ya rufe."

Kanar ya daina murmushi.

"Madam, safar hannun dama ce ta ba da matsala. Wayar lantarkin da ke ɗumama yatsu ce ta mutu, hannuna ya ƙandare. Babu ruwan ɗinki."

Verlene ba ta saki hannun ba. "Kada ka lallashe ni. Ni ba yarinya ba ce."

"To saurara. Safar nan tana matse yatsu kamar an datse su da ƙofa. Bayan tafiyar, farcena tara suka yi baƙi suka faɗi. Likitoci sun yi ta juya wannan ɗan karkataccen, suna neman dalilin da ya sa shi kaɗai ya tsira. Ni ma ban sani ba sai yau."

Marcella ta rufe baki tana hawaye. Verlene ta shafa farcen da babban yatsanta, daɗi da haushi suka taso mata lokaci guda.

"Tara," ta ce. "Da na sani, ai da duka goman na saki."

Sannan ta juya ta ce wa 'yarta ta kawo keken, ƙafarta ta gaji.