Yaya Ya Kulle Mini Keke

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Bodinga, kuma a kan keke na fara. Kafin in mallaki rumfa, kafin a fara ce mini Alhaji, buhu nake ɗaurewa a kariyar bayan keke daga gonakin Lambara in kawo bakin titi. In taya ta fashe in tura, in rana ta yi zafi in haƙura. A lokacin ba wanda ya taɓa tare ni ya ce zan zubar da mutuncin gidanmu. Sai da na tashi hawan keke don abin da ba cikina ba, sannan kowa ya gano ina da mutuncin da za a tsare. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Ga abin da ya kawo hawan. Ƙanwata, autar gidanmu, tana aure a wani ƙauye bayan Kajiji. Naƙuda ta zo mata da gardama cikin damina. Mota ba ta shiga, ɗan kabu-kabu ba zai iya ɗaukarta ba, aka shimfiɗa ta a amalanke shanu suna ja. Ba ta kai titi da rai ba. A ranar motocina suna hanyar kudu cike da albasa, ni kuma sai bayan an gama komai aka same ni a waya.

Bayan an kwana biyu, wani ma'aikacin asibiti a Shagari da muke shiri ya kawo shawara: a hau kekuna daga Bodinga zuwa Jega a dawo, a riƙa tsayawa kasuwa-kasuwa ana bayani, a tara abin da zai sayi babur mai ƙafa uku mai gado a baya, a ajiye shi a ƙauyukan nan don mata masu naƙuda. Na ba da nawa kuɗin tun ranar. Amma na san kasuwa. Mutum ba ya buɗe aljihu don an karanta masa bayani. In ya ga mai furfura, wanda ya sani da mota, ya jiƙe sharkaf da gumi a kan keke, zai tsaya ya tambayi abin da ya fito da shi. Hajar da nake da ita ke nan. A gaban 'yan kasuwa na ce da ni za a je, kuma da ƙafata.

Na jawo tsohon keken daga bayan sito. Mai faci ya canja taya da birki, ya ɗaure sarƙa, ya ce sirdin kam sai dai in yi ta maza. Na fara fita bayan sallar asuba, in nufi wajen Dingyaɗi. Makon farko cinyoyina suka ƙi ni, ruku'u ma da dabara nake yi. Wannan bai dame ni ba, ciwo ne da na saya da kaina.

Abin da ya dame ni gaisuwa ce. A wurinmu yaro ba ya ganin babba da wahala ya wuce. Sai ya karɓi kayan. To ni kayan nawa keke ne. Da na ɗan kama gudu sai ɗan kabu-kabu ya ci birki a gabana, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, lafiya? Motar ta lalace ne? Kawo keken, hau in kai ka."

"Lafiya lau. Tashi ka tahi."

"Wallahi ba ni iya wucewa in bar ka, Alhaji. Mi za a ce da ni?"

Ya riƙe kan keken, na riƙe. Kafin in ƙwace, numfashina ya koma, gumin ya bushe, sai in sake daga farko. In kuma na hango dattijo a bakin hanya, ni ne zan sauka in gaishe shi, ya tambayi gida da yara da kasuwa da gajiya. Wanda zai je Jega yana sauka a kowace inuwa, yaushe zai yi ƙarfi?

Sai na yi dabara. Na ajiye hula da kaftani, na sa tsohuwar rigar da nake shiga rudu, wato rumbun albasa, da ita in ana juya kaya, na naɗe kai da ƙyalle. Daga ranar ba wanda ya sake durƙusa mini. Waɗanda jiya suke rantsuwa ba za su bar ni ba, yau su ne suke danna mini oda in sauka daga titi. Ɗaya ma ya ce, "Tsoho, in kana neman mutuwa je ka nema gida." Na san ubansa, albasarsa nake saye. Na ci gaba da taka feda, don a karon farko na kai Shagari ban sauka ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ashe rigar ake gaisarwa.

Labari dai ya kai gida. Yayana malami ne mai makarantar allo, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Wata safiya na fito ban ga keke a zaure ba. Ya sa an shigar da shi ɗakin littattafansa, ya kulle, makulli yana aljihunsa.

Na same shi a kan buzu, na durƙusa na gaishe shi.

"Yaya, keken nika nema."

"Yana nan. Ba ka hawa nai."

"Na yi alkawari gaban mutane."

"Mutanen ne ka cewa ka karye. Wasu na cewa taɓuwa ce. Jiya har gida anka zo yi min jaje. Ka shiga mota ka bi su a baya, ka ba su ruwa. Ladarka guda ce."

"Ba lada nika ciniki ba, Yaya. In ina cikin mota ba mai tsayawa shi saurare mu."

"Na gama magana."

Na tashi na fita. Mutum da jikoki, an kulle masa keke kamar wanda ya ƙi zuwa makaranta. Guduma tana sito, kwaɗon ƙofar kuma bugu ɗaya ne. Na tsaya na dubi kwaɗon sosai. Amma in na fasa ƙofar Yaya, maganar da za a yi a Bodinga ke nan har shekara ta zagayo, ba wanda zai sake tuna amalanken. Sabon keke ma zan iya saye kafin azahar, sai dai hanin nasa yana nan, ba keken ya hana ba, ni ya hana.

A sana'armu in dillali ya toshe maka ciniki, ba ka faɗa da shi. Mai kaya kake nema. Yaya yana da na gaba da shi mutum ɗaya a duniya: gwaggonmu ta Lambara, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta goyi autar tun tana jaririya. Na je na faɗa mata komai. Nan take ta aika a kira shi.

Ya zo da rawaninsa, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa kusa da ni a kan tabarma ɗaya.

"Malam," in ji ta, "yaushe keke ya zan haram ban ji ba?"

"Ba haram ba ne, Gwaggo. Girma ne. Mutum kamar shi..."

"Girma. Ran da anka ɗauko ɗiyata bisa amalanke awa buhun gero, ina girman naku yake? Naka yana zaure, na wanga yana bisa titi da albasa."

Ba wanda ya ɗaga kai. Maganar ta same ni daidai yadda ta same shi.

"Ni na ga wanga yaro da yagaggen wando yana tura keke, ba ka kulle ba sannan, don da shi aka cefane gidanku. Ba shi makulli nai." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma daina murmushi. Da wanga tumbi za ka Jega? In ka hwaɗi bisa hanya kar a kawo min kai nan, a kai ma Malam."

Yaya bai miƙo mini makullin ba. A kan tabarma ya ajiye shi, ya yi mata sallama ya fita. Kwanakin da suka rage gaisuwa kawai muke yi. Na ci gaba da fita da asuba, ina zuwa Kajiji in dawo, har sirdin ya daina cizo.

Ranar tafiya muka taru a bakin kasuwa. Na aika a gaya wa Yaya za mu tashi, ko zai zo ya yi mana addu'a. Ya aiko cewa yana da karatu. Wannan ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe ba.

Tsohuwar rigar rudu na bar ta a gida. Na sa farin kaftani da hular da aka san ni da ita, na ɗaure ƙafar wando da igiya saboda sarƙa. Ba mu yi nisa da Bodinga ba ɗan kabu-kabu ya ci birki a gabana, ya durƙusa, ya kama kan keken. Yaron nan ne da ya aike ni gida neman mutuwa.

"Ranka shi daɗe, kawo in kai ka."

Na sa ƙafa a ƙasa. Mutane sun fara taruwa.

"Saki keken," na ce. "Tunda ka tsaya, tsaya da kyau. Kana da mata?"

"Ina da, Alhaji."

"To kashe mashin ɗin ka saurara."