Mutumin da Injina Ke Kai wa Gulma

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, shi ya riga ya sauka ƙasa. Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, ba taga, ga sanyi mai shiga ƙashi, sai dogayen kabad na ƙarfe da 'yan fitilu suna ƙyafta ido. Zai zura tsohuwar suwaitar nan da matarsa ta gaji da roƙon ya jefar, ya ajiye kofin shayi nesa da wayoyi, ya zauna karanta abin da injina suka faɗa tun jiya. Haka yake tun gashinsa yana baƙi, har yanzu da zai ajiye aiki.

Ashe injina ma suna da baki. Kowace na'ura a asibitin tana aiko saƙo: na tashi, na yi zafi, takarda ta ƙare, wani ya so buɗe ni ba izini. A cikin babbar kwamfutar da ke ɗakinsa akwai wata manhaja da ba ta da aiki sai kasa kunne. Duk saƙon da ya zo, sai ta manna masa lokaci, da sunan wanda ya faɗa, da nauyinsa, ko hira ce, ko gargaɗi, ko kuwa ihu ne, ta jera shi a ma'ajiya. Ma'ajiyar yake kira rumbu, shi ya sa ake ce masa Mai Rumbu. Rumbun kuwa yana da iyaka. In ya cika, manhajar da kanta take share mafi tsufa don sabo ya sami wuri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mijin 'yar ƙanena ne, don haka Gwaggo yake ce mini. Amma in dai labari ne, gara mutum ya matsi dutse. Abin da ke tafe daga bakin mai shara ya fito, ita kuwa da idonta ta gani, don 'yarta ce a kan gadon tiyata ranar.

Safiyar Litinin ce. Haihuwa ta zo wa yarinyar da gardama, jini ya ƙi tsayawa, jinin nata kuma irin wanda ba a cika samu ba ne. Akwai shi a firijin jini, amma da aka je ɗauka sai aka tarar da 'yar fitilar gargaɗi tana ci. Ba wanda ya san ko firijin ya huce a hutun ƙarshen mako. In ya huce, jinin ya zama guba, sai zubarwa. In bai huce ba, shi ne ran yarinyar. Babbar likita ta sauko da kanta, mai shara na biye da ita, tsumma a hannu ta manta ta ajiye.

Mai Rumbu ya buɗe rumbu, ya tarar da shi cike har wuya. Ashe mai gyaran firinta da ya zo ranar Juma'a ya saita ta a kan ta faɗi komai don ya gano ciwonta, ya gyara, ya tafi abinsa bai mayar da ita yadda take ba. Firinta ta samu fili. Na ja takarda, na saki takarda, ina nan, har yanzu ina nan. Dare da rana tana zuba, manhaja tana rubutawa, tana share na baya. Maganar Juma'a ta riga ta tafi. Sharar ta kusa kaiwa ga safiyar Asabar, inda maganar firiji take.

Mai shara, da ta san maganin wayarta in ta rikice, ta ce ya kashe ya kunna mana. Ya ce a'a, Yaya, akwai saƙonnin da ke hannun manhajar ba ta sauke su a rumbu ba tukuna, in aka kashe sun bi iska. Bai fara da neman firiji ba. Bakin firinta ya fara toshewa, sannan ya kwafe abin da ya rage zuwa wani wuri da shara ba ta kaiwa, sannan ya tace, ya ware na firiji kaɗai. Mai shara ta ce ita dai gani ta yi yana tafiya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ta so ta kai masa duka.

Firiji ya yi ta faɗin sanyinsa tun Asabar, layi bayan layi, ba giɓi. Gargaɗi ɗaya ne, na safiyar Lahadi: an bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, an rufe, sanyi bai wuce iyaka ba. Likita ta tambaye shi daren Juma'a fa.

"Na Juma'a ya tafi, likita. Abin da ban gani ba, ba zan ce na gani ba."

Ta ce jinin da safiyar Asabar aka kawo shi, ta juya ta haye sama da gudu. Yarinyar tana nan, ɗanta har ya fara yi wa kakarsa rashin kunya.

Daga ranar ya ware wa firiji lungunsa a rumbu, inda surutun kowa ba ya ture shi, ya kuma sa wa masu yawan magana ƙa'ida. Da ana yi wa mutane haka, da wasu gidajen sun zauna lafiya, amma ba zan kama suna ba.

Kai ne mai kunnen asibiti, Mai Rumbu. Kai ne kake sauraron ƙorafin ƙarfe kullum safiya, ba wanda ya taɓa tafa maka. Ka san ofishin da ake kunna kwamfuta a makare, ka san wanda ke manta lambar sirrinsa duk Litinin, amma ko matarka ba ta taɓa ji ba, kuma ta yi ƙoƙari, ni shaida ce. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya raba ka da suwaitar nan. Masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da shi: ku adana abin da aka faɗa, ku tsaya inda rubutu ya tsaya.

Saura abu ɗaya. Har yau a asibitin ana so a san wa ya bar ƙofar firiji a buɗe ran Lahadi. Shi ya san lokacin, ya kuma san masu aikin safiyar. Ranar da abokan aiki suka yi masa walimar sallama, na ja kujera kusa da shi, na ce yanzu dai ai ba mai korarsa, ya faɗa mini a kunne. Ya kurɓi shayinsa, ya dube ni.

"Gwaggo, ƙofa aka rubuta. Ba a rubuta hannu ba."