Ƙarfen da Yaya Kailu Ya Kai Ƙara

Yayana Kailu ya daɗe yana dakon atamfa da tsohuwar motarsa Fijo tsakanin kasuwar Adjamé da ta Treichville, kuma ban taɓa jin an ce ko ƙyalle ya ɓace a hannunsa ba. Maganarsa ɗaya ce, 'yan kasuwa sun shaida. Amma fa taurin kai, Allah ya zuba masa ba awo. Ni Tabawa, ƙanwarsa, da muke gidan haya ɗaya a Williamsville, ni na san irin haushin da na ƙunsa.

A farkon shekarun tamanin aka kakkafa wasu ƙarafa a bakin titi kusa da kasuwar Treichville, masu kai kamar agogo. In ka ajiye mota sai ka jefa sulalla, ka murɗa, allura ta nuna lokacin da ka saya. Ran nan Yaya ya jefa nasa, ƙarfen ya haɗiye, allura ko gezau. Ya ƙara, haka. Ya ce ai shi dai ya biya, ya shiga kasuwa da kaya. Ko da ya fito, ga takardar tara a maƙale jikin gilashi.

Tarar ba ta taka kara ta karya ba. Na ce, "Yaya, don Allah ka biya mu huta. Ko daga cinikin ƙosaina ne zan ba ka."

"Ke Tabawa, in na biya, na yarda ke nan ban saka ba. Ni za a mayar maƙaryaci da furfurata?"

Ya kama zarya ofishin tara. Yau a ce shef, wato shugaban ofishin, ya fita, gobe a dawo bayan la'asar. Atamfar mutane na jira, shi yana zaune a benci da hula a gwiwa. Daga ƙarshe wani saurayi mai taye ya ce masa, ko ɗago kai bai yi ba, "Tsoho, kowa haka yake faɗa. La preuve, ina shaida?"

To a kasuwa in atamfa ta zo da aibi ba a dogon surutu. Ɗauko ta ake yi, a shimfiɗa gaban wanda ya sayar, ya gani da idonsa. Abin da Yaya ya sani ke nan. Da rana tsaka ya koma wajen ƙarfen, wanda da ma motoci sun sha dukansa har gindinsa na rawa, ya jijjige shi ya tumɓuke, ya naɗe a buhu, ya jefa bayan mota. Bai gaya mini ba, da na kwanta masa a gaban taya.

Ya dire shi kan teburin saurayin nan ya ce, "Shef, ga mai laifin." Jama'a suka taru. Yaya ya zaro sulalla, ya yi bisimilla, ya jefa, ya murɗa. Sai ji aka yi ƙararas, kuɗin da suka maƙale sun zube ciki, allura ta miƙe tsaf. Ashe girgizar ramukan hanya ta gyara shegen ƙarfen. Dariya har da masu riƙe ciki.

'Yan sanda suka rufe shi kan ɓarnar kayan gwamnati, suka karɓe ferminsa, wato lasisin tuƙi. Na tuƙa tuwo na kai masa, raina a ɓace, na shirya faɗa tun daga hanya. Na same shi a rakuɓe.

"Tabawa, kin yarda na saka kuɗin nan?"

Duk faɗan ya gudu. Na ce, "Wallahi Yaya na yarda."

Ya girgiza kai. "Ai ke ba kya wurin. Don ni yayanki ne kike faɗa."

Ya mayar da murfin kwanon, bai ci ba.