Sunan da Na Laƙaba wa Yaya Sale

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, tsohon sojan yaƙin basasa, amma har yau in aka yabe shi sai in sauya zance. Ba kewa ba ce kaɗai. Ƙyashi ne, gara in faɗa da bakina.

Ni malamin Turanci ne a sakandare, don haka a majalisarmu ta hanyar Kusugu duk kalmar da ta gagari mutane ni ake kawo wa. Lokacin yaƙin Iraƙi, wata la'asar Baturen rediyo ya yi ta maimaita shrapnel. Aka juyo gare ni, na kama gyaran hula. Yaya Sale, wanda ko firamare bai gama ba, ya ce, "Ɓarɓashin ƙarfe ne da bam ke watsawa. In ya shiga jiki wani sa'in ba ya fita." Daga ranar tambayoyi suka koma wajensa, har shayin farko shi ake miƙa wa.

Abin ya tsaya min a rai. Na shiga cewa ai girki ya yi a soja, daga nesa yake jin ƙarar bindiga. Na sa masa Kuku, sunan kuwa ya bi shi. Bai taɓa tanka min ba.

Da ya rasu ni na yi masa wanka. A cinyarsa ta hagu hannuna ya ci karo da abu mai tauri a ƙarƙashin fata, kamar ƙwallon dabino. Na gane ko mene ne. Ban gaya wa kowa ba, na fake da cewa mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, alhali na san aibi aka hana faɗa.

Da yana raye yau da ya yi mana dariya, don yanzu waya ake tambaya, ba ni ba, ba shi ba. To me nake ta karewa?

Juma'ar da ta wuce na daure na faɗa wa 'yan majalisar da suka rage abin da na taɓa a cinyarsa. Alhaji Mudi mai hatsi ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ai dukanmu mun taɓa ƙarfen nan. Shi ya hana mu gaya maka. Ya ce ƙaninsa ne kai, a bar maka girmanka."

Allah ya jiƙan Yaya Sale. Yana kabari ya sake kayar da ni a gaban mutane, kuma wallahi ko wannan haƙurin nasa ƙyashinsa nake yi.